Ƙunshi Shida na Baaba

A shekarata ta biyu a Birmingham na koma wani gida a Balsall Heath, ɗakina a sama, kicin kuma na tarayya da mai gidan. Tsohuwa ce 'yar Vietnam, mijinta ya rasu, ɗanta tilo yana Manchester da iyalinsa. Ranar da na kawo kayana ta ce in riƙa kiranta Ba, wato kaka da yarensu. Bakina ya ƙi tsayawa a nan, sai na mayar da ita Baaba, ba ta kuma hana ba.

Ni ma a lokacin ni kaɗai ce. Maigidana da 'yarmu suna Katsina, ni ina nan ina fama da karatu. In fita jami'a da safe, in dawo in yi salla, in ci abinci a bakin gado. Akwai makon da in ban da direban bas babu wanda na yi wa magana baki da baki.

Kwana biyu da zuwana na ga naman alade a firij. Ban yi wata-wata ba na kwashe tukwanena da wuƙata da cokulana na kai ɗaki na tura ƙarƙashin gado. Baaba ta gani. Daga baya ne na lura ta daina taɓa naman sai ranar Talata, ranar da nake yini a makaranta.

Wata Talata cikin hunturu malamina bai da lafiya, na dawo tun kafin azahar. Na tarar da ita a kicin, tebur cike da ganyen ayaba, ga wani kwano a zaune cikin ƙanƙara. Ta riga ta naɗe ƙunshi ɗaya, tana ta kokawa da zare, yatsunta sun kumbura da sanyin ƙashi, ƙullin ya ƙi kamawa. Ta sa haƙori ta ja, ganyen ya tsage.

Na tsaya a bakin ƙofa da jakata a kafaɗa. Na ce, "Baaba, ni ba na taɓa wannan naman."

"Na sani," in ji ta da guntun Turancinta. Ta ɗaga ganye ɗaya. "Wannan ba alade ba ne. Ayaba ce."

Na ajiye jakar. Aikina ya zama goge ganye da tsumma, in gifta shi a kan wuta ya yi laushi, in yanka zare. Ita ke zuba naman ta naɗe, ni in ɗaure ta waje. Tana yi tana yi mini bayani kamar wadda ta daɗe tana jiran mai saurare. Tsoka zalla ake samu, a niƙa sau biyu, a zuba ruwan kifi mai gishiri, da sukari kaɗan, da masoro, da garin rogo. Sai a sa a firiza har ya kusa daskarewa, a sake niƙawa har ya yi danƙo kamar an kirɓa fura. In ya ɗumama ko kaɗan ya lalace, shi ya sa kwanon ke cikin ƙanƙara. A garinsu, ta ce, a turmi ake yi, maza biyu suna daka tun naman na sabo. Ita injin niƙa take da shi, mai ƙara kamar babur.

Muka yi shida, kowanne ya kai kaurin damtse. Ta jera su a madambaci suka turara kusan awa guda. Da ƙamshin ganyen ya tashi sai na tuna alalar da mahaifiyata ke yi ran Juma'a. Na hau sama na wanke hannuwana har sau uku, na sake alwala. Da maigidana ya kira da yamma ban gaya masa ba. Har yau ban tambayi wani malami hukuncin abin da na yi ba.

Ƙunshin na ɗanta ne, don sabuwar shekararsu ta kama a wannan makon. Ran Alhamis ya bugo waya ya ce aiki ba zai bar shi ya zo ba. Baaba ta ce to ita za ta je ran Asabar. Na dubi yadda take hawa matakala da ƙyar, na ce zan raka ta. Gaskiya kuma ba ni da inda zan je ran Asabar ɗin.

Muka hau doguwar bas, jakar tana kan cinyarta har muka isa. Ɗan ya tare mu a tasha da fara'a, mutumin kirki, sai dai wayarsa ba ta huta ba. Matarsa Baturiya ta ba ni shayi. Baaba ta nemi faranti da kanta, ta kwance ƙunshi ɗaya, ta yayyanka shi sirara, da sanyinsa ake ci. Ta miƙa wa jikokinta mata biyu. Babbar ta ce, "No thanks, Nan," wato a'a na gode Kaka, ta koma kan wayarta. Ƙaramar ta gutsura don kunya, ta ɓoye sauran a tishu. Ɗan ya ci yanka uku a tsaye, ya ce daidai yake da na da, amma firij ɗinsu ya cika, biyu sun ishe su, har da wanda aka yanka.

Da ƙunshi huɗu muka dawo. Da muka yi nisa a hanya, Baaba ta ce, "Da yana yaro, sai na ɓoye masa shi a saman kabad." Na ba ta dabino daga jakata, ta karɓa, ta riƙe ƙwallon a hannu har Birmingham.

Makonni uku tana cin ƙunshin nan, yanka biyu da shinkafa kowace rana. A kwanakin ne na fara sauko da farantina in zauna a ɗaya gefen teburin. Ba ma wata hira mai tsawo. Ta tambaye ni shekarun 'yata, na nuna mata hoto, washegari ta sake tambaya.

Da bazara ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu. Daga asibiti ɗanta ya wuce da ita Manchester, aka sa gidan a kasuwa, ni kuma na sami ɗaki a Perry Barr cikin ɗalibai. Na kira lambarta sau biyu ba a ɗauka ba. A karo na uku ɗan ya ɗauka, ya ce tana barci, zai gaya mata na kira.