Ƙibar Maharazu

Maharazu, manomin tumatir a bakin kanal ɗin ban ruwa na Bunkure, tun tasowarsa siriri ne kamar sillen kara. Ya tsufa a noman rani bai taɓa cika riga ba. Abokan wasa kan ce in iska ta taso a riƙe shi.

A shekarar da wayar salula ta iso ƙauyensu, sai ga Maharazu ya fara cika. Ƙafa ta ƙi shiga takalmi, tumbi ya turo riga. A kasuwa aka shiga kiransa Alhaji, shi da ko filin jirgi bai taɓa gani ba, ya kuwa ji daɗi har ransa. Haki ne kawai ya dame shi: kafin ya kai gona sai ya zauna a hanya, barci kuma sai a jingine.

Matarsa Saude ce ta matsa har suka je asibiti a Kano. Likita ya danna ƙaurinsa da yatsa, gurbin ya zauna. Ya ce, "Malam, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Zuciyarka ta gaji." Ya ba shi ƙwayar da ke fitar da ruwan ta fitsari, da wata mai ƙarfafa bugun zuciya, ya hana shi gishiri, ya ce sha ne har iyakar rai.

Magani ya yi aikinsa. Numfashi ya dawo, Maharazu ya koma ban ruwa da kansa. Sai dai ya zabge, har ƙasusuwan wuya suka fito. Zamanin kuwa duk wanda ya rame farat ɗaya, yana zaryar asibitin birni yana karɓo ƙwayoyi, sunan cutarsa ɗaya ne a bakin mutane: ƙanjamau. Ba wanda ya faɗa masa, ai mutanenmu akwai kunya. Mai shayi dai ya ware masa kofi, wanzami kuma in ya je aski kullum wai askarsa ta dakushe.

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya ce, "Saude, gara hakin da wannan kallon." Ta yi kuka, ta haɗa shi da Allah, duk da haka ya juye ƙwayoyin a kanal.

Kafin a cire albasa jiki ya sake cika. Aka dawo ana ba shi hannu, ana yi masa barka da samun sauƙi. Da kai yake amsawa, don numfashin ba ya isar magana.

Ranar jana'izarsa masu ɗaukar makara suka yi ta canja kafaɗa. Mai shayi, da ke cikinsu, ya share gumi ya ce, "Allah ya yafe mana zato. Mai wancan ciwon ba ya nauyi haka."