Jan Kasken Idi Mai Kalangu

Kun dai san shi da jan kaske, hular kwanon nan ta masu babur. Ko suna, ko ɗaurin aure, ko shan iska a bakin tafki, Idi Mai Kalangu na nan da hular 'yan kabu-kabu a kansa, ya kuma ɗora ƙube a samanta don kada a ce bai san mutunci ba. Mutumin da ko keke bai iya hawa ba. Ni Sule taubashinsa ne, shekara talatin ina yi masa amshi, saboda haka ba mai hana ni tona masa asiri.

Asalin kasken, likitocin Yamai ne suka buɗe kansa suka cire ƙari daga ƙwaƙwalwa. Ya tashi da ransa, amma hannun hagu ya ƙi tashi, shi ne kuwa mai matsa tsarkiya har kalangu ya yi magana. Ranar da aka sallame mu lokotoro, wato likitan, ya ce, "A kiyaye kan nan, kar ya bugu." Maganar wata uku aka yi masa, Idi ya riƙe ta shekara shida.

Wata rana muna tsaye a tasha, sai ga wata baƙuwa da kaya niƙi-niƙi. Ta dubi jan kaske ta ce, "Mai kabu-kabu, kai ni Safo."

Idi ya duƙa ya ba ta baya. "Hau, baiwar Allah. Amma ni ne moton, kuma birki ya lalace tun Yamai."

Hannun nan kuwa suna ya raɗa masa, Ɗan Sarki, wai don ba ya aikin komai sai dai a ɗauke shi a ajiye. An ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ce da furfurarsa ba zai yi wasan yara ba. Sai ya koma kan tumatirin Rabi mai kayan lambu. Kullum da hantsi ya je ya zaɓi nunanne, ya sa wa Ɗan Sarki a tafi, ya yi ta nishi.

"Idi, ka saya ko ka aje mini abina."

"Ordinans ce, Rabi, likita ya rubuta. Ki tambayi Yamai."

Wata takwas yana wannan, ko lotsawa tumatiri bai yi ba. Ranar da ya fashe, ruwan ya wanke wa Rabi sabon zane. Ta ɗaga murfin kwano za ta kwaɗa masa, ta ga kaske, ta ga ba riba. Ta kuma ga hawaye na zubo masa. Sai ta ajiye murfin ta rangaɗa guɗa.

Da yatsu suka fara motsi muka koma fage, shi waƙa da ɗan bugu, kalangun dai ba ya faɗin komai. Nan wata matsalar ta fito: aikin da aka yi masa a kai ya tafi masa da sunayen kakannin mutane, makaɗi kuwa jarinsa ke nan. Muka shirya in riƙa raɗa masa. A wani suna a Gabi ya tasa mahauci gaba yana ta zuba masa kirarin masunta, jikan masu kwana cikin ruwa. Na matsa na ce, "Mahauci ne, jikan Tanko."

"Mi?"

Ina raɗa za ta ratsa kaske? Na ɗaga murya har matan cikin gida suka ji. Idi ko gezau, ya sa abin cikin waƙa: "To jikan Tanko, ai Tankon ma ya ci kihi!" Mahaucin ya yi dariya har ya zauna ƙasa.

Farfaɗiya ma ta riƙa kawo masa ziyara, duk da maganin da yake haɗiya safe da yamma. In ta kayar da shi, mu hankali a tashe, yana farfaɗowa sai ya ƙwanƙwasa kasken ya dube ni. "Bawana, wa ya ce abin ga bai da amfani?"

Muna dariya, amma abin na cin sa, ni ma yana cina. Mahautan garinmu sun fara ɗauko makaɗi daga tsallaken iyaka. Ya taɓa ce mini, "Sule, in kalangun ga bai sake magana ba, ɗinkin banza anka yi mini."

Bayan girbin bara Sarkin Fawa ya aurar da ɗansa, ya ce a kira Idi ko don kunya. Muna isa fage Idi ya kwance igiyar haɓa, ya tuɓe kasken a gaban jama'a, tabon ɗinki a fili tun daga goshi har bayan kunne. Ya miƙo mini.

"Riƙe mini. Ba ni jin abin da kalangu ka cewa."

Ya rataya kalangu, ya dubi hannun. "Ɗan Sarki, yau ko ka yi aiki ko in tuɓe ka." Ya buga, ya matsa. Kalangu ya kira Sarkin Fawa da ubansa da kakansa, ɗaya bayan ɗaya, ban raɗa ko ɗaya ba. Ni ne ma na kasa amshi.

Da aka tashi na miƙa masa kasken, ya ce in dai riƙe, zai karɓa. Wata biyu bayan nan farfaɗiyar ta kayar da shi, bai farfaɗo ba. Kasken na rataye a ɗakina.

Allah Ya jiƙan Idi, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Ya sanyaya masa makwanci, Ya ba kan nan hutawa.