Layin Duwatsun Baffa

Ina cikin auna wa wata mata dawa a rumfata a Gusau ƙanwata ta kira. Ta ce, "Yaya, Baffa ya cika." Na yi salati, na ƙarasa awon. Sai da motar Tsafe ta tashi na tuna ban ɗaure bakin buhun ba.

Baffa wan mahaifinmu ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwar ƙanensa. Gonarsa tana gangaren dutse, ita ke ciyar da gidan duka. Kowace damina ruwa kan sauko ya kwashe ƙasar sama, har da takin da muka sha wuyar kaiwa da jaki. Kwazazzabo kuma ya fara cin gefen gabas.

Sai Baffa ya kafa doka: duk mai zuwa gona ya riƙo dutse ɗaya. Mu yara mukan zaɓi ƙanana. Ya juya dutsen a tafinsa ya ce, "Wannan na jifar ƙadangare ne. Koma."

Shekarar farko ya jera su a miƙe kamar katanga, ruwa ɗaya ya watsa su. Daga nan, in hadari ya haɗu mutane na gudu gida, shi sai ya ɗauki malfa ya nufi gona. Yakan tsaya cikin ruwa yana kallon inda yake bi, yana kafa kara duk inda ya ga ya rage gudu. Karan nan muke bi mu jera duwatsu, ya dasa gamba a bayansu. Har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar rigarsa a kan igiya, da faɗan da matarsa Inna ke yi tana dama masa kunu mai zafi.

Gonar da ke sama da tamu ta taubashinsa ce, a can ruwan ke samun ƙarfi. In bai tare nasa ba, aikinmu rabi ne. Shi kuwa sai tsiya.

"Mutane na fidda duwatsu daga gona, kai kana shigowa da su! Da miyar kuka za ka ci su?"

"Ci gaba da aiko min ƙasarka," in ji Baffa, "ina karɓa."

Bayan damina uku Baffa ya ja shi bayan layin, ya sa shi ya tura hannu. Ƙasa baƙa, mai danshi, ta shanye hannun har wuyansa.

"Wagga ai ƙasata ce!"

"Taka ce. Zo da kwando."

Maƙwabta da dama suka kwaikwaya. Shi ya ƙi, shekara da shekaru, don kada a ce Baffa ya ci shi. Baffa bai taɓa matsa masa ba. Yanzu malaman gona na yawo suna koyar da wannan aiki da hotuna a waya, ina kuma jin daɗin hakan. Amma ban ga wanda ya kai Baffa haƙurin jiran mutum ba.

Ranar sadakar uku tsohon nan, taubashin Baffa, ya kama hannuna muka hau gonarsa. Ga layin duwatsu, sabo.

"Bara na fara, a ɓoye," ya ce. "Na yi shi miƙe. Da aka yi ruwa na dawo, sai na iske an kafa min kara. Bai ce min komi ba, ni ma ban ce mishi ba."

Ya yi dariya, ya share ido da bakin rawaninsa.

Kararen suna nan tsaye inda Baffa ya kafa su. Jiya na kai dutse ɗaya gonar tsohon, babba, wanda ba zai ce in koma ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma saura kamar taku talatin layin ya kai bakin kwazazzabo.