Tankar Ruwan Da Na Sa Aka Juye A Kwata

Abubuwa da yawa na shekarun da na yi ina aiki a Jibiya sun ɓace mini, amma ranar da na sa aka juye tankar ruwa a kwatar bakin iyaka, ina jin ko na tsufa ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin ban cika shekara da kama aiki ba a sashen da ke duba gine-gine. Na fito daga jami'a da takarda mai kyau da kuma tsoron yin kuskure. Ko wasiƙa na rubuta sai na karanta ta sau uku kafin in miƙa.

Wani Alhaji, asalinsa mutumin Maradi ne amma ya daɗe a garin, ya gina masaukin direbobi kusa da inda manyan motoci ke jiran a duba takardunsu. Akwai ɗakunan kwana, da jerin ɗakunan wanka, da wurin wanki. Masai kuwa, ya haƙa masa raminsa daban. Abin da yake nema shi ne izinin haɗa ruwan wanka da na wanki da babbar kwatar da ta bi gefen titi. Shugabana ya tura ni in duba ko kwatar za ta ɗauka.

Na je da tef ɗina. Kwata ce ta siminti, mai faɗi, zurfinta ya kai mini cinya. Na auna a wuri uku, na ƙiyasta ruwan da masaukin zai fitar ranar kasuwa, na sake lissafin da na koma ofis. Taswirarmu ta nuna kwatar ta miƙe har rafi, ni kuma na yarda da taswira. Na sa hannu.

Bayan kwana huɗu na koma ganin yadda ake shimfiɗa bututu. Wata tsohuwa da ke sayar da ƙuli-ƙuli a bakin masaukin ta yafito ni.

"Kai ne mai awon kwata?"

"Ni ne, Inna."

"Na gan ka ran nan kana ta shiga kana fita. Kanta ka auna, ɗana. Ka je ka ga wutsiyarta?"

Na ce taswira ta nuna tana zuba a rafi.

"To ni taswirar taka ba ta san da ni ba," in ji ta. Ta rufe tirenta, ta ce in biyo ta.

Ba mu yi tafiyar minti goma ba siminti ya ƙare. Bayan kwalbati, masu amalanke sun cike hanyar ruwan da marmara da buhunan yashi don shanunsu su riƙa ƙetarawa, kuma da gani an yi shekaru da yin hakan. Ruwan sai ya karkata cikin wani lungu, ya zama 'yar siririyar hanya da ke bin gindin katangar ƙasa. Katangar gidanta ce. A jikinta ɗakin ajiyarta yake, inda take zuba gyaɗa da geron da ɗanta ke kawo mata daga gona a Gangara. Damina ba ta daɗe da wucewa ba, gindin ginin duk ya jiƙe ya yi baƙi. Na dangwala yatsa, ya shige.

A nan ya kamata maganar ta ƙare. Ko wanda bai shiga aji ba zai gane ruwan wankan direbobi ba shi da wurin zuwa sai jikin wannan katanga. Amma ni abin da ya cika mini ciki daban ne: ta yaya zan koma in ce sa hannuna kuskure ne? Idan shugabana ya ce ina hujja, zan ce wata tsohuwa ce ta nuna mini? Sai na yanke shawarar yin gwaji. A juye tanka guda daga wajen masaukin, a zuba bula a ciki don ruwan ya yi shuɗi, mu bi shi mu ga inda zai tsaya, in ɗauki hoto.

Da na gaya wa Alhaji, dariya ya yi.

"Injiniya, ran nan ka ce ta yi, yau ka ce mai yiwuwa. Gobe kuma mi za ka ce?"

Duk da haka ya ba da tankar da ke kawo wa maginansa ruwa. Ita kuwa tsohuwar ta tambaye ni ko ta kwashe kayanta. Na ce ina jin ba sai ta wahalar da kanta ba, a lissafina ruwan ba zai wuce idon sawu ba.

Da hantsi aka buɗe tankar. Cikin siminti ruwan ya tafi sumul, har Alhaji ya dube ni ya ɗaga gira. Muka bi shi a ƙafa. Da ya isa wurin da aka cike, ya taru, ya kumbura, sannan ya kwarara cikin lungun gaba ɗaya. Ina tsaye da waya a hannu ina ɗaukar hoto na ji wata ƙara maras ƙarfi, kamar an sauke buhu. Kusurwar ɗakin ajiyar tsohuwar ce ta zauna. Ƙasa ta zube ciki, shuɗin ruwa ya bi ta kan buhunan.

Allah ya taƙaita, ba kowa a ɗakin. Tsohuwar ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta tattare zanenta ta shiga, ta ɗebo gyaɗa a tafin hannu, a jiƙe sharkaf da laka da bula, ta miƙo mini.

"To, yanzu ka yarda?"

Na karɓi gyaɗar. Alhaji ya matso kusa da ita. Ya ce, "Yi haƙuri, Inna, mu muka jawo." Ya aika a kira maginansa su bar masaukin su zo nan. Har la'asar ina cikin masu fitar da buhuna, muna shanya abin da zai shanyu a kan tabarmin maƙwabta. Buhun gero guda dai ya lalace gaba ɗaya.

Washegari na janye izinin, na rubuta cewa laifina ne, ban bi kwatar har ƙarshe ba. Shugabana ya yi mini faɗan da na cancanta. Alhaji ya haƙa babban ramin tsotse ruwa a cikin filinsa, buɗe masaukin ya yi jinkirin wata biyu. An tayar da ɗakin da bulon siminti. Wasu sun ce ai tsohuwar ta ci riba. Ni ban taɓa iya ganin abin haka ba, don ba wanda ya nemi yardarta kafin a yi gwaji da katangarta.

Na daɗe ina ɗaukar kaina mai taka-tsantsan. Wataƙila haka ne, amma a ranar na gane kaina nake karewa, ba ita ba. Tun daga nan, duk wanda ya kawo takardar neman haɗa ruwansa da kwata, sai na taka da ƙafata har inda ruwan yake ƙarewa, in yi sallama a gidan ƙarshe, in tambayi mai gidan yadda suke kwashewa da damina. Idan kuma abin da ya faɗa ya ci karo da lissafina, lissafin nake sakewa.