Gayyar Jarumai Uku

Akwai ranakun da suka raba tarihin duniya gida biyu, kamar ranar da aka fara narka ƙarfe, ko ranar da ɗan Adam ya gane ana iya kama magana a kwantar da ita a takarda. A nawa tarihin, wanda ni ne malaminsa ni ne ɗalibinsa, ranar ita ce wata Asabar ta farkon damina, da mu uku muka ɗaura ɗamarar ceton wata gonar gero. Ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma na gwada.

Mu huɗu ne a lokacin, 'yan aji huɗu na sakandare a Daura. Da ni, ɗan mai sayar da yadi, da ɗan tela, da ɗan maƙeri, dukanmu haihuwar cikin birni. Na huɗunmu daga wani ƙauye ya zo, can gaba da Mai'adua, yana zaune a gidan gwaggonsa saboda karatu. Abin da ya haɗa mu shi ne littattafan zane na jarumai, waɗanda muke kira komik. Yayan ɗan tela ne yake shigo da su ta kan iyakar Kongolam in ya dawo fatauci, tsofaffi, wasu babu bango. Matsalar ita ce da Faransanci aka rubuta su. Mu uku sai dai kallon hoto. Shi kuwa abokinmu na ƙauye ya yi shekara uku a firamare a tsallaken iyaka, wurin dangin mahaifiyarsa, don haka shi ne bakin jaruman nan duka.

Bayan la'asar mukan zauna a gindin darbejiyar ƙofar gidan tela, kawuna huɗu a kan shafi ɗaya. Yana bin rubutun da yatsa yana juya mana shi da Hausa, a hankali, yana sauya murya. Na karanta littattafai da yawa bayan nan, na kuma koyar da wasunsu, amma ban sake jin labari ya shige ni kamar a gindin itacen nan ba.

Ni littattafan da na fi so su ne waɗanda ake tara jarumai a wuri guda: mai tashi sama, da mai ɗaga dutse, da wata mai kiran guguwa, da sauransu, duk su haɗu kan mugu ɗaya. Hujjata kuwa tun daga kakanni take, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Akwai wani daɗi a ganin mai ƙarfi ya buƙaci wani, da ganin wanda ya saba cin yaƙi shi kaɗai ya waiwaya ya ce a taya shi. Shi mai karanta mana bai yarda ba.

"Ni fa taron nan nasu bai burge ni ba," in ji shi wata rana. "Kowa a garinsa ya san lungu, ya san gidan da tsohuwa take. Da sun taru kuwa, rabin littafin faɗa suke yi da juna kan wa zai shiga gaba."

"To ai daga baya suna shiryawa," na ce.

"Su shirya, su rushe garin mutane, su tsaya a yi musu hoto. Ka taɓa ganin shafin da suka dawo kwaɓa ƙasa?"

Ɗan maƙeri ya ce, "Malam, karatu muka ɗauke ka, ba wa'azi ba. Juya shafi."

Ya juya, yana dariya. Yanzu da na tsufa na san ya fi mu gaskiya ta fuskar adabi. In jarumai suka yi yawa, kowa layi biyu yake samu, mugun kuma dole a kumbura shi har ya wuce hankali don ya ishe su. Amma a lokacin gani nake baƙin ciki ne kawai irin na mai ilimi.

Saura mako guda a fara jarrabawar ƙarshen shekara, ranar wata Alhamis, aka aiko wa abokinmu na ƙauye saƙo daga gida. Kurkunu ya fito wa babansa a ƙafa, ba ya iya takawa, ga ciyawa ta taso wa gona, kuma shi ne babban ɗa. Ya tafi ko sallama ba mu yi ba. Gwaggonsa ce ta gaya mana, ta ƙara da cewa, "Wa ya sani ko zai dawo? Noma ba ya jiran boko."

Maganar ta tsaya mana a rai. In bai rubuta jarrabawa ba, ba zai wuce zuwa aji biyar ba, kuma mun san gidansu ba gidan da ake maimaita aji ba ne. Ni na kawo shawarar gayya. Ɗan maƙeri ya ɗauko fartanya uku sababbi daga maƙerar babansa. Muka kuma yanke cewa ba za mu aika masa ba, domin a duk karatunmu ba mu taɓa ganin jarumi ya aika saƙo kafin ya iso ba. Faɗowa kawai yake yi.

Asabar da sassafe muka shiga motar kasuwa zuwa Mai'adua, sauran hanyar muka taka. Da muka isa ƙauyen, aka ce ya ɗora babansa a amalanke sun tafi asibiti. Wata dattijuwa mai ɗauke da itace ta nuna mana gonar, ta dubi takalmanmu, ta ce, "'Yan birni, a dai bi a hankali."

A bakin gona muka ɓata kusan sa'a guda kan wa zai ja gaba. Ɗan maƙeri ya ce gidansu ake ƙera fartanya, don haka ya fi mu sanin ta. Ɗan tela ya ce gidansu ake ɗinka riga amma bai taɓa ganin babansa ya yi sarauta ba. Daga ƙarshe aka ba ni, saboda na fi su maki a darasin aikin gona. Na dubi kunyoyin, na ga gero ya kai gwiwa, kore shar, tsakaninsa kuma ga wasu gajerun tsirrai masu siririn ganye. Na yanke hukunci irin na masana: duk abin da ya yi tsawo amfani ne, duk abin da ya gajarta ciyawa ce.

Gaskiya mun yi aiki. Hannuwanmu suka yi bororo suka fashe, ba wanda ya zauna. Ɗan tela yana rera waƙar da ya ƙirƙira nan take, muna amsawa. Na ɗaga kai na ga bayan abokaina biyu sun jiƙe da gumi saboda mutum na huɗu. Na ɗan yi mamakin yadda ciyawar garin take fitowa a jere, taki ɗaya tsakani, amma na ɗauka tarbiyyar ƙauye ce.

Bayan azahar suka dawo. Abokinmu ya tsayar da amalanken a bakin gona, muka jera muna jiran murna. Ya sauko, ya durƙusa, ya ɗauki tsiro ɗaya da ya fara yaushi, ya daɗe yana juya shi.

"Wa ya ce ku cire wannan?"

"Ciyawar harƙiya ce," na ce.

"Dawa ce."

Ashe a tsakanin geron babansa ya shuka dawa daga baya, don in an girbe gero ita ta riƙe gidan har wata damina. Mun nome ta tas a fiye da rabin gonar. Harƙiyar gaske kuwa, inda ta yi tsawo, mun bar ta, har mun tara mata ƙasa a gindi.

Dattijon yana zaune a amalanke, ƙafarsa naɗe da tsumma. Na so ya zage mu. Sai ya ce, "Sannunku da aiki, 'ya'yana. Kun sha rana. Kai, kai su gida a dama musu fura." Muka sha furar nan kamar muna haɗiyar tsakuwa. Da zai raka mu hanya, abokinmu ya dafa kafaɗata ya ce, "To, shugaba, saura hoto."

Dole aka sake shukar dawar, shuka kuwa sai an yi ruwa, kuma washegarin ruwa ake yin ta ko a rasa laima. Ruwan bai sauka ba sai Laraba. Ranar Alhamis muna zaune a aji da takardar tambayoyi, shi yana duƙe yana binne iri. Bai rubuta jarrabawar ba, bai kuma dawo ba. Littattafan suka koma hotuna marasa baki. Mun gwada haɗuwa a gindin darbejiyar sau biyu ko uku, ba mai karanta mana, sai muka daina.

Ɗan tela ya rasu shekarun baya. Ɗan maƙeri yana Kudu, sai gaisuwar Sallah a waya. Abokinmu na ƙauye kuwa na haɗu da shi bara a kasuwar dabbobi ta Mai'adua, ya yi furfura, yana dillancin raguna, kuma ga alama ya fi ni kwanciyar hankali. Muka zauna a inuwar rumfa muka daɗe. Na ba shi haƙurin da na yi shekara da shekaru ina shiryawa. Na ce masa abin ya koya mini cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma sai a tambayi mai ɗakin inda za a ɗora ta. Taimakon da bai fara da tambaya ba, ɓarna ce mai kyakkyawar niyya. Na ce duk da haka, da ba mu je ba, da ciyawar ce ta hana shi karatun, kuma zan ba da komai in sake tsayawa a gonar nan mu huɗu.

Ya saurare ni har na gama, kamar yadda muke sauraronsa a da. Sannan ya ce ranar Lahadi ya yi niyyar farawa, kuma noman gonar duka, shi kaɗai, aikin kwana uku ne.