Kawu Tukuna da Faranti Mai Doro

Yayan mahaifiyata ne, amma rabon da in ji an kira shi da ainihin sunansa har na manta. Kowa a layinmu Tukuna yake ce masa, mu kuma Kawu Tukuna. A ce masa abinci zai huce, ya ce, "Tukuna." A ce hadari ya taso a shigar da kaya, ya ce, "Tukuna." Matarsa, wadda muke kira Inna, takan ce ko ranar da ya zo neman aurenta sai da shayin da aka ba shi ya yi sanyi kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Da gyaran keke ya buɗe ido. Shagonsa ɗaki ne guda a jikin gidansa, yana kallon titi, tsakanin mai walda da mai sayar da katifu. Tayoyi a rataye a bango, ga bahon ruwa da ake tsoma tiyub a nemo huji, ga benci da ya sha giris har yana sheƙi. Ana nan sai babura suka cika gari, kekuna suka koma bayan ɗaki suna tsatsa. Abokan sana'arsa suka koma gyaran babur. Kawu ya ce shi ba ya iya wuni da abin da ke yi masa ihu a kunne.

Sai ya kifa wani tsohon keke, ya ɗaura masa dutsen washi, yana juya feda yana wasa wa matan layi wuƙaƙe. Daga wasa na mutane ya fara ƙera nasa. Tsohon magagari, karyayyen zarto, duk ƙarfen da ya ƙwanƙwasa ya ji amonsa ya kwanta masa, sai ya sa a wuta. Da jikinsa ya fara ƙorafin feda, suka haɗa kai da mai walda, abokinsa tun suna samari, mutum gajere mai saurin hannu da saurin baki. Suka harhaɗa inji da tsohon injin famfo, da ƙananan tayoyi, da bel na samfefa da ke zagaye su a guje. A bayan bel ɗin suka kafa farantin ƙarfe, shi ke tare bel ɗin idan an danna wuƙa a kai. Farantin a miƙe yake, saboda haka kumatun wuƙar ma a miƙe suke fita.

Ranar da aka fara kunna shi Inna ta leƙo ta ƙofar cikin gida, yatsu a kunne.

"Malam, wannan ne ba ya ihu?"

"Wannan ai waƙa yake yi," in ji Kawu.

Wuƙaƙensa suka yi suna a unguwa. Suna da kaifi, ƙotarsu ba ta girgiɗi, ba sa saurin dakushewa. Da haka zai ci gaba har tsufa in ba don mahauci ba.

Mahaucin nan dogo ne, ba mai yawan magana ba, teburinsa na bakin kasuwa. Wata rana da hantsi ya shigo shagon, ya zauna a benci, ya kwance wani ƙyalle a kan cinyarsa. Tsohuwar wuƙa ce a ciki, washi ya cinye ta har ta kusa komawa tsinke.

"Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa," ya ce. "Taka tana da kaifi, Malam, ban raina ba. Amma in ta shiga nama sai in ji ana riƙe mata riga. Wannan kuwa wucewa take yi kamar ba ta taɓa komai ba. Ga shi ta zo ƙarshe. Ka yi mini irinta."

Kawu ya karɓa, ya juya ta, ya shafa da babban yatsa. Sannan ya ɗauko rula ya gicciya a kumatunta, ya ɗaga wajen ƙofa. Haske siriri ya ratsa ta ƙarƙashin rular. Ashe kumatun wuƙar ba a miƙe suke ba, akwai ɗan kwarmi mara zurfi a kowane gefe, tun daga gadon bayanta har bakinta. Shi ya sa nama ba ya manne mata, shi ya sa kuma bakinta bai yi kauri ba duk da washin da ta sha.

"A jikin dutse mai zagaye aka ci wannan," in ji Kawu. "Kuma ƙato ne. Tsayinsa zai kai ƙirjinka."

"Kana da shi?"

"Ko a mafarki."

"To za ta yiwu?"

Kawu ya ba shi amsar da duk layin ya sani, mahauci ya bar masa wuƙar ya tafi.

Da farko ya gwada cin wata wuƙa a jikin ƙaramar tayar injin. Kwarmin ya yi zurfi kamar cokali, bakin ya yi fyalfyal, da ya sari ƙashi sai ya ɓalle. Ya tambayi masu sayar da kayan inji ko akwai babbar taya, suka yi masa dariya, suka ce ko an samo, sai ya fasa rufin shagonsa kafin ta shiga. Kawu ya dawo gida ya yi jugum. Inna ta ce tunda take da shi ba ta taɓa ganin ya bar shayi a kofi ba sai a kwanakin nan.

Wata la'asar ina gidan, Inna ta yanka kankana ta miƙa masa yanki. Maimakon ya kai baki, sai ya juya shi yana shafa bayan ɓawon, daga wannan kai zuwa wancan.

"Malam, ba ta nan ake ci ba," in ji Inna.

"Ke, dubi nan. Wannan yanki ɗaya ne, amma bayansa bai manta cewa daga zagaye ya fito ba. Me zan yi da taya gaba ɗaya? Wuƙar ai wuri kaɗan take taɓawa. Yanki nake so. In cire farantin nan miƙaƙƙe, in sa mai doro, bel ya bi ta kansa."

Inna ta dube ni. "Kin ji ko? Yau kuma da kankana ake shawara."

Washegari ya kafa ƙusa a tsakar gida, ya ɗaura igiya, ya ja baka da gawayi a kan siminti, ya yanko siffarta a jikin kwali. Daga nan ya shiga zagaye gidan yana kara kwalin a jikin duk abin da ke da doro. Duron ruwa ya cika lanƙwasa. Baho ya cika tudu. Murfin babbar tukunya ya kusa, amma Inna ta ƙwace abinta. Da ya gaji ya zauna a kujera, ta ɗauki kwalin ta kara a tumbinsa. Wallahi kwalin ya zauna daram, ko iska ba ta wucewa. Na yi dariya har da hawaye.

"To ga shi an samu," in ji ta. "Tashi mu kai ka wurin mai walda ya ɗaure ka a jikin injin."

Kafin magariba duk layin ya ji labarin.

Farantin farko da ya yi na katako ne. Ya sassaƙe shi, ya goge, ya ɗaura, ya kunna. Ya yi kyau na ɗan lokaci, sai ƙauri ya tashi, sai hayaƙi. Mai katifu ya fito a guje da bokiti, yana salati, ya watsa wa injin da Kawu ruwa gaba ɗaya. Ba a ga laifinsa ba, mai zaune a kan soso ba ya wasa da hayaƙin maƙwabci.

Na biyu mai walda ne ya ce a bar masa. Ya ɗauki farantin ƙarfe ya ɗora a kan uwar maƙera, ya yi ta dukansa da guduma, kafin Kawu ya gama bayani har ya miƙo masa. A ido ya yi doro. Amma da aka ci wuƙa a kai, sai kumatunta suka fito da tudu da gangare kamar hanyar da ruwa ya ci.

"Wannan ai ba doro ba ne, ƙuraje ne," in ji Kawu.

"Hannunka ne ke rawa, tsoho!"

"Hannuna? Kai da ko ƙofa ka yi wa mutum sai ya koyi shiga a karkace?"

Suka yi 'yan kwanaki ba mai leƙa wani. Kowa yana aikinsa da ƙarfi don ɗayan ya ji. Rannan da safe sai ga mai walda, ko sallama bai yi ba, ya jefar da wani baƙin ƙarfe a bakin shagon. Guntun sifirin ne na babbar mota, ya tsinto a wurin masu gwangwan. Ƙarfe ne mai tauri, kuma da lanƙwasarsa aka haife shi.

"Kara kwalin naka mu gani. In bai yi ba, sai mu koma shawarar maiɗakinka."

Kawu ya kara. Saura ƙiris. Wannan ƙiris ɗin shi ya cinye masa makonni, yana zaune da magagari da samfefa, ya goga, ya hure, ya kara kwali, ya duba haske, ya sake gogawa. Mai walda yakan zo ya tsaya a kansa yana huci kamar zai ƙwace, amma bai ƙara cewa a yi sauri ba.

Da aka ɗaura shi, wuƙa ta fara cin kwarmi mai kyau, shimfiɗaɗɗe. Sai dai bel ɗin yana gugar doron da ƙarfi, farantin ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa, bel ya tsinke ya mari bango. Nan ma mai walda ne ya kawo dabara. Ya liƙa ɗan akwatin ƙarfe a bayan farantin, aka cika shi da ruwa don ya riƙa shanye zafin. Ya yi aiki, in dai ana canza ruwan. Ranar da suka manta ba su canza ba, mai walda ya jefa ƙwai a ciki don tsokana. Ya dahu kuwa, suka raba, kowa yana cewa rabin ɗan uwansa ya fi girma.

Da wuƙar ta kammala, Kawu ya yi mata ƙota da itace mai duhu, ya naɗe ta tare da tsohuwar, muka raka shi kasuwa ni da mai walda.

Mahauci ya riƙe ta, ya auna nauyinta a tafin hannu. Mai walda ya fara zuba mata kirari, mahauci ya ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai." Ya jawo cinyar saniya, ya ɗora bakin wuƙar, ya ja sau ɗaya. Naman ya buɗe gida biyu ya kwanta. Ya sake ja. Sai ya tsaya, ya daɗe yana kallon teburin.

"Haka tsohuwar take yi a hannun mahaifina," ya ce a hankali. "Ina tsaye a nan, kaina bai wuce teburin ba."

Ya goge ido da bayan hannu, ya ce hayaƙin kasuwa ne. Tsohuwar kuma ya mayar da ita ƙyallenta, ya ce ta huta haka nan.

Daga nan aiki ya buɗe. Mahauta suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, sai masu dafa abinci, sai mai gyaran takalma da ke son wuƙar fiƙe fata. Kawu ya ƙara yin faranti biyu, ɗaya mai babban doro, ɗaya mai ɗan kaɗan, ya rataye su a ƙusoshin da tayoyin keke suke a da. Ba kowa yake yi wa kwarmi ba. Wanda ya ce zai sari ƙashi, sai ya mayar da miƙaƙƙen faranti, ya ce siririn baki ba na faɗa ba ne. Wani maƙeri daga wata unguwa ya zo ya roƙi ya ga injin. Kawu ya nuna masa komai, har kwalin ya ba shi aro. Mai walda ya ce ya ba da sirrinsa a banza. Kawu ya ce wuƙaƙen garin nan sun fi ƙarfin mutum ɗaya.

Yanzu gemunsa ya yi fari fat, sai ya sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya, kafin ya duba bakin wuƙa. Ni ɗinki nake yi, kuma kwanakin baya na yi kuskuren gaya masa cewa almakashin kirki ma yana da kwarmi a cikinsa. Ai kuwa ya sa kansa. Na farkon da ya ƙera mini tauna yadi yake yi kamar akuya. Na kai masa tsumman da ya tauna, ya ɗaga shi sama, ya yi ta dariya har yana tari, ya ƙwala wa mai walda kira ta bango.

"Zo ka ga leshin da na yi wa 'yata!"

Mai walda ya shigo yana goge hannu a wando, suka duƙa a kan almakashin, kai da kai, suka fara musu a kan ko noti ne ya yi sako-sako ko kuwa doron ne ya yi yawa. Inna ta ja hannuna muka shiga ciki, ta ce in zauna in ci abinci, waɗannan ba yanzu za su gama ba.