Rijiyar Bartul Parat

Roko Parat ba ya wuce rijiyar dandali bai shafi rubutun da ke bakinta ba. Ba ya tsayawa, ba ya ko kallon wurin. Yana tafe da jakar wasiƙu a kafaɗa, sai ka ga babban yatsansa ya kauce ya taɓa dutsen, ya dawo. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙa a ƙauyenmu. Ya ajiye aiki, an karɓi jakar, yatsan bai daina ba. Rubutun ba wani mai yawa ba ne: B. PARAT, 1834. Harafin farko ya fi sauran santsi.

Na san wannan ne don daga ƙofar coci ana hango rijiyar, kuma ni ke riƙe da makullan cocin, ni ke kaɗa ƙararrawa. Sunana Duje.

Gidan Parat biyu ne a ƙauyen, na tudu da na kwari. Roko na tudu ne. Frane na kwari ne, ƙofarsa taku goma daga rijiyar. Sa'annin juna ne, benci ɗaya suka zauna a makaranta, kuma kowannensu ya taso da labari iri ɗaya: kakan kakansa Bartul ne ya fafe dutsen nan ya yi wa ƙauye wurin tara ruwan sama, bayan farin da ya kashe rabin tumaki.

Ba wanda ya damu da saɓanin, sai da jikokin waɗanda suka yi ƙaura suka fara zuwa lokacin zafi daga Ostareliya da Ajantina, suna neman asalinsu. A dandali mota ke sauke su, kuma wanda suke fara gani Frane ne, zaune a gindin ɓaurensa. Ya ba su labari, ya zuba musu giyar inabi, su ɗauki hoto da shi hannunsa a kan dutsen. Wata mata ma ta aiko masa da hoton cikin firam. Roko ne ya kai masa ƙunshin da hannunsa.

"Ga saƙonka, mai rijiya," in ji Roko. "Nawa kake karɓa a kan kowane hoto?"

"Kyauta ne, ɗan'uwa. Ba a sayar da gado."

"Gadon maƙwabtaka. Da a bakin makabarta gidanku yake, da duk matattun ƙauyen nan kakanninka ne."

Frane ya yi dariya har da tari. "Zauna ka ci ɓaure. Hawan tudun nan ne ke sa maka ɗacin baki."

Roko bai zauna ba. Abin da ya fi ci masa rai kenan, Frane ba ya jin haushi.

Makami ɗaya Roko ke da shi. Frane bai haifi namiji ba, 'yarsa ɗaya, kuma mijinta a gidan yake zaune. A wurinmu in gida ba ɗa namiji, suruki ya kan shigo ya zauna don kada murhu ya mutu. A da har sunan gidan yake ɗauka ya yar da nasa. Ba a cika ganin girman irin wannan mutum ba. Ana cewa da hularsa kaɗai ya zo.

"Ina mai hula?" Roko zai tambaya, da ƙarfi, don na cikin gida su ji. "Mu dai na tudu daga uba zuwa ɗa muke. Ba mu taɓa aron zakara ba."

A nan kaɗai nake ganin dariyar Frane ta ɗan gajarta.

Shekarar da Roko ya cika saba'in, kwamitin ƙauye ya yanke a kafa allon tagulla a jikin rijiyar ranar bikin watan Agusta. An karanta abin da za a rubuta: Bartul Parat na kwari. Roko ya miƙe ya ce bai yarda ba. Aka ce masa ba laifi, ya kawo takarda kafin Ista. In ta nuna na tudu ne, na tudu za a rubuta.

Washegari ya zo wurina da tabarau biyu da fensir. Fada, limamin cocin, ya ba da izini, na buɗe masa kabad ɗin da ke bayan bagadi, inda littattafan suke: na baftisma, na aure, na jana'iza, da na gidaje. Rubutun tsofaffin limamai ba kowa ke iya shi ba, amma wanda ya shekara talatin yana karanta adireshin tsofaffin mata ba hannun da zai gagare shi. Ya sayi ƙamus na Latin. Ya samo ragowar takardar manna bango, ya shimfiɗa bayanta a kan tebur, ya fara zana zuriyarsa daga kansa zuwa sama, kowane mutum da ɗan akwatinsa.

Wahalar ita ce mu kan sa wa ɗan fari sunan kakansa, don haka sunaye kaɗan ne ke ta zagayawa. Littafin gidaje ya nuna Bartul Parat har uku a waɗannan shekarun. Ɗaya yana da shekara bakwai lokacin da aka yi rijiyar. Roko ya soke shi da murna, kamar ya kori ɓarawo. Saura biyu.

Na gidan Frane bai ba shi wuya ba. Ga shi nan a littafin baftisma, 1799, da uwa da uba da iyayen baftisma. Nasa Bartul ɗin ne ya ƙi fitowa. Ga 'ya'yansa, ga ranar mutuwarsa, amma ba haihuwa. Sau uku ya bi littafin daga bango zuwa bango.

"Ɓera ya ci shafin," ya ce.

"Shekara arba'in ina kula da kabad ɗin nan. Ba ɓera."

"To, kafin kai."

Ya hau bas sau biyu zuwa birni, gidan ajiyar tsofaffin takardu, da gurasa da cuku a aljihu. Ya dawo hannu rabbana. Matarsa Manda ta ce mini ya daina datse itacen zaitun ɗinsa, kuma a kan tebur ba ya magana sai ta matattu.

Mai goge ƙurar littafi ya kan buɗe shi wani lokaci. Ban miƙa masa na aure ba. Shi ya nema da kansa, wata Talata da hantsi a cikin azumin kafin Ista.

Na ga lokacin da yatsansa ya tsaya. Fabrairu, 1838. Ango: Bartul Dragun, daga bayan dutse, magini. Amarya: Kata Parat, 'ya tilo ta gidan tudu. A gefen shafin limamin wancan zamani ya ƙara layi biyu da ƙaramin rubutu: wannan ne maginin da Bartul Parat na kwari ya kawo ya sassaƙa rijiyar dandali, ya shiga gidan matarsa, ya ɗauki sunansu.

Roko ya cire tabarau ɗaya ya sa ɗayan, ya sake karantawa.

"Duje, kakata ba ta yi ƙarya ba," ya ce. "Cewa take hannun kakanmu ne ya sassaƙa ta. Hannu ta ce."

"Haka take cewa."

"Harafin bakin rijiyar ma shi ya sassaƙa kenan."

"Da alama."

"Sunan wani." Can ya dube ni ta saman tabarau. "Ka taɓa ganin shafin nan?"

"Idona ya yi rauni."

"Tsohon maƙaryaci."

Lissafin a fili yake, ba sai na faɗa masa ba. In ya kai shafin gaban kwamiti, za a san aikin na gidansu ne, wataƙila har a ƙara sunan maginin a allo. Amma a rana ɗaya kowa zai ji cewa gidan tudu daga mai hula ya fito, kuma ɗan ƙwadagon kakan Frane. In ya yi shiru, sunansa na nan, rijiya ta tafi.

Ya kwafe layukan a farar takarda da kyakkyawan rubutunsa, ya sa a ambulan, ya rubuta adireshin kwamiti, ya manna kan sarki, ko da yake ofishin yana ƙetaren dandali. Ya sa a aljihun kwat. Yana fita ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Shi bai buɗe littafi ko ɗaya ba, Duje. Zama kawai ya yi a gindin ɓaure, gaskiya ta zo ta same shi."

Ista ta zo ta wuce. Frane ya tare shi a dandali.

"Malam mai bincike, ina takardar? Ko matattu sun ƙi sa hannu?"

"Ana nan ana dubawa."

A daidai lokacin surukin Frane ya fito da baro, ya gaishe su. Roko ya amsa, har da ɗan sunkuyar da kai. Frane ya bi shi da kallo.

"Yau ba ka tambayi mai hula ba. Lafiya kake kuwa?"

"Ina ruwana da hular mutane."

An kafa allon ranar biki, da ƙararrawa da gasasshen ɗan rago. Frane ya yi ta kiransa ya shigo hoto, ya ce ai duk Parat ne. Roko ya tsaya a baya, hannunsa a kan aljihun kwat, cikin zafin Agusta. Bayan nan ya ci gaba da wucewa ta dandali kamar kullum. Bai taɓa taɓa tagullar ba. Dutsen yake shafa, amma yanzu a hankali, yana bin ramin harafin kamar mai duba aikin wani.

A hunturu na biyu ya rasu. Frane na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar, kuma ya yi kuka. Bayan mako guda Manda ta kawo mini naɗin takardar bangon da ambulan ɗin, gefensa ya yi laushi don daɗewa a aljihu. Ta ce ɗansu na Jamus ba zai karanta ba, ita kuma ba ta son su a gida. Na sa ambulan a kabad, tsakanin littafin aure da na jana'iza, ban buɗe ba.

Takardar kuwa na warware ta a kan tebur. Kowane akwati cike yake, suna da sunan gida da shekara, har da 'yan jariran da ba su kwana ba. Na can sama ne kaɗai ya rage. Ya rubuta Bartul. A gabansa akwai ɗigon fensir guda, inda ya ɗora hannu zai fara sunan gida.